Riƙon Ƙwarya a Zauren Iyaye

Ranar da na mayar da shugabancin zauren iyaye ga mai shi, garin Doha a cike yake maƙil. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ne. Mun haɗu da la'asar a wani shagon shayi a kasuwar Souq Waqif, muka haɗa tebura, amma ko wadda ke kusa da ke sai kin ɗaga murya take jin ki. Wasu masu fenti a fuska suka wuce da ganga, wasu suka biyo su da tasu, 'yan dako na kutsawa da baro suna ta "yalla, yalla". Shugabarmu, wadda ba ta daɗe da dawowa daga Najeriya ba, ta dube ni ta ce, "To Hajiya, me da me aka yanke a bayana?"

Kafin in buɗe baki, wata Bakanuwa da muke zaure ɗaya da ita ta riga ni.

"Wa? Wannan? Ai babu abin da ta yanke. Zama kawai take yi tana wance bismilla, wance dakata. Rana ɗaya da aka kawo magana mai nauyi, guduwa ta yi ta bar ni da kaya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiya ta faɗa. Ranar nan da ta ce na gudu ita nake so in rubuta, tun ina iya tuna yadda ta kasance. Rubutuna na girma ne, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi bayan na yaye autana, saboda haka a hankali nake tafiya.

Wankan jego ne ya kai ni Doha. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce a can, mijinta kuma injiniya, suna zaune a unguwar Al Rayyan. Asali ba ni ya kamata in je ba. Tun da na yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu, ita ta rene ta, ita ta aurar da ita. Allah ya yi wa gwaggon rasuwa kafin haihuwar, sai abin ya faɗo kaina. Na tafi da kanwa da kayan yaji da niyyar in yi arba'in in dawo. Babu murhu, babu itace, da tukunyar lantarki muka yi wankan, ganyen darbejiya kuwa mijin ne yake samo mana. Ana gama arba'in ba da jimawa ba cutar korona ta shigo, aka rufe hanya, na zauna.

Dole in faɗi yadda muke da 'yar tawa, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kai ba. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa sa mata wani suna na sakayawa ba ma, domin ba a hannuna ta tashi ba balle buƙatar hakan ta taso. In zan yi mata magana, sai in karkatar da kai in ce, "An tashi lafiya?" ko "A zo a ci abinci." Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana. A gaban mutane ba na yabon ta, ba na kare ta, ba na nuna ta da baki ko da ido. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na gani na tashi. Ba rashin so ba ne. Wanda ya san abin ya sani.

Matan Hausawa da ke Doha suna da ƙungiya. Yawancinsu matan likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, wasu kuma su ma suna aiki. Kafin cuta, kowace Juma'a da yamma sukan haɗu a wani lambu, a shimfiɗa tabarmi, kowa ta kawo abin da ta dafa. A ƙasar da maƙwabcinki bai san gaisuwarki ba, wannan Juma'ar ita ce unguwa, ita ce dangi. Ƙungiyar tana da zaure biyu. Akwai babban zaure na kowa da kowa, inda ake kawo shawara a yi ta muhawara. Akwai kuma zauren iyaye, na mu da muka manyanta. Duk abin da babban zaure ya amince da shi sai ya hau zauren iyaye, in mun yarda ya zauna, in ba mu yarda ba ya faɗi. Mu bakwai ne har da shugaba. Ni saboda furfura aka sa ni ciki tun zuwana, ba don na san komai ba.

Shugabar ta je gida biki, kullen korona ya rutsa da ita a can, daga baya kuma jinyar mahaifiyarta ta riƙe ta. A ƙa'idarsu, in shugaba ba ta nan, wadda ta fi shekaru a zauren iyaye ce ke riƙon ƙwarya. Aka bincika, aka ce ni ce. Na ce a rufa mini asiri, baƙuwa ce ni, ko filin jirgi ban san hanyarsa ba. Bakanuwar nan, wadda ita ke bi na a shekaru, ta ce ita ma ba ta yarda ba, wai shekarun Zagezagi ba abin gaskatawa ba ne, muna ƙarawa don a ba mu kan kaza. Ni mutuniyar ƙasar Zazzau ce, tun ranar da ta ji haka ta mai da ni baiwarta, ni ma nake ce mata 'yar kasuwa. Da can malamar sakandare ce, mijinta yana koyarwa a jami'a. Bakinta ba ya hutawa, amma ita ce ta zaunar da ni a waya ta koya mini aikin.

"Baiwata, saurara da kyau. Ba sarauta aka ba ki ba. Ko a majalisar dattawa ta wasu ƙasashe haka suke yi, in mai kujera ba ya nan sai wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya hau, ba don ya fi kowa sani ba. Ki buɗe zama, ki ba mutum izinin magana, ki hana hayaniya, ki sa a ɗaga hannu, ki faɗi abin da ya fito. A namu zauren kuma mai riƙo ba ta da ra'ayi, ba ta ɗaga hannu, sai in an yi kunnen doki sannan ta raba gardama. Khalas, shi ke nan. Ko mai shan fate za ta iya."

Daga ranar ta ƙara mini suna, Sanata.

Zaman duk ta waya ake yi, a ga juna a bidiyo, kowa a ɗan akwatinta da sunanta a rubuce a ƙasa. Farkon farawa hayaniya ce zalla, wannan na magana waccan na magana, yaro na kuka, wata ta manta tana soya albasa. Sai aka kafa doka: babu mai buɗe baki sai mai riƙo ta kira sunanta. Mai son magana ta ɗaga hannu ta jira. Na ji daɗin wannan doka. Nakan kusanto da wayar in karanta sunan a nutse, in kira, in ji kowa ta yi tsit. Ni da a gidanmu sai an ce "me kika ce?" saboda sanyin murya. Mun yi zama kan gaisuwar marasa lafiya, kan wa za ta dafa wa maijego, kan karatun yara. Babu abin da ya gagara. Har na fara jin abin ba wuya.

Ita kuwa yarinyar, 'yar tawa, hutun haihuwarta ya ƙare a tsakiyar cutar, aka kai ta sashen masu korona. Ta ware kanta a ɗaki guda. In ta dawo, a bakin ƙofa take cire takalmi, ta wuce banɗaki kai tsaye, kayanta daban, kwanonta daban. Jaririn a hannuna yake kwana. Nakan tsaya da shi a bakin ɗakinta ta yi masa wasa daga nesa, shatin takunkumi ya kwanta mata a hanci da kumatu kamar an ɗaure ta da igiya. Ba ta ƙorafi. Abu ɗaya kawai take yawan faɗa, ba ni take gaya wa ba, jaririn take gaya wa: "Bari a buɗe gari, mu je Juma'a, a gan ka."

Da aka fara sassauta doka, aka yarda mutane kaɗan su haɗu a fili, sai babban zaure ya zauna kan dawo da Juma'a. A nan Bakanuwa ta kawo shawara cewa duk wadda ke aiki da masu cutar ta dakata da zuwa har sai cuta ta wuce. Ba ta ambaci kowa ba, ba ta kuma buƙata, domin mutum ɗaya ce a ƙungiyar take wannan aiki. Ba zan ce mugunta ba ce. Mijinta dattijo ne mai ciwon suga, tun farkon kulle ko lif ɗin hawa bene ba ta bari ya shiga. Tsoro ne, kuma ba ita kaɗai ke jin sa ba. Babban zaure ya amince, a ranar yarinyar tana wurin aiki. Da ta dawo ta gani a waya, ba ta ci abinci ba. Na ji tana gaya wa mijinta cewa in zauren iyaye ya tabbatar, fita za ta yi daga ƙungiyar gaba ɗaya, ba za ta ƙara taka inda suke ba ko bayan cuta. Na san halinta, na gwaggonta ne. In ta faɗa ta gama.

A ƙa'ida, wadda magana ta shafa tana da damar ta zo zauren iyaye a ji ta bakinta kafin a ɗaga hannu. Aka sa rana. Ina falo da wayata, tana ɗakinta da tata, bango ɗaya tsakaninmu. Na buɗe zama da addu'a. Na kira Bakanuwa, ta yi bayaninta. Na kira wasu biyu, suka goyi bayanta. Sai na ga hannu a ɗage a akwatin ƙasa. Ga fuskarta, ga sunanta a rubuce ɓaro-ɓaro. Na karanta shi a zuci, harafi bayan harafi, na san shi sarai. Bakina ya ƙi buɗewa.

Na ce, "Akwai mai magana?"

Shiru. Doka ta hana kowa amsawa.

Na ce, "To, a yi magana."

Mata uku suka fara a lokaci guda, ban da ita. Hannunta na nan a sama.

Wata ta ce, "Inna, ki ce Nas mana, ai mun gane."

Na gwada a raina. Amma ba sunan kaɗai ba ne. Ko me na ce, ni ce dai na ware ta a gaban jama'a na ce a saurari 'yata. Abu ɗaya na tuna cikin abin da aka koya mini, cewa mai riƙo na iya ɗage zama. Na ce, "An ɗage zama sai wani makon," na kife wayar a kan kujera.

Ban ji motsinta ba sai bayan la'asar. Ta buɗe ƙofa ta tsaya daga ciki, da takunkumi a fuska. Ina ba jaririn madara.

"Yaya."

"Ana ji."

"Hannuna har ya yi sanyi."

Na gyara wa jaririn kwalbar madara.

"Ban ce ki goyi bayana ba. Ban taɓa cewa ba. Kowa kin kira ta, har wadda ta shigo a makare. Ni kaɗai ce ba ni da suna a zauren nan?"

Na ce, "A yi haƙuri."

"Haƙuri nake yi tun ina yarinya," in ji ta, ba da faɗa ba, ta mai da ƙofa a hankali.

Washegari na kira shugaba a Najeriya. Layin yana ta yankewa, ga kukan awaki a bayanta, har na ji kewar gida. Na zayyana mata komai, na roƙe ta ta shigo zaman ta waya ta karɓi abinta, ko ta faɗi hukunci in isar. Ta ƙi. Ta ce ba ta san yadda garin yake ciki ba yanzu, ba za ta yanke wa mutane magana daga nesa ba. Sai ta ce, "Hajiya, ai kujerar nan aro ce a hannunki. In magana ta shafi gidan mai riƙo, tana iya sauka na zama ɗaya ta miƙa wa mai bi mata. Ba a gaya miki ba?"

Na ce ba a gaya mini ba. Na ce, "Mai bi mini kuwa ai ita ce ta kawo maganar."

Ta yi dariya har da tari. "To sai me? Ƙa'ida shekaru ta ce, ba ta ce mai ra'ayi kaza ba. Ke dai ki duba abin da za ki iya."

Na kwana biyu ina juya abin. In na zauna a kujera, yarinyar ba za ta sami bakin magana ba, don na riga na ga iyakata. In na sauka, na damƙa ta a hannun wadda ke son a hana ta. Amma a hannun waccan aƙalla za a kira ta, za a ji ta. Wannan kaɗai na duba. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar zama, bayan addu'a, na ce, "Maganar yau ta shafi gidan da nake ciki. Na sauka daga riƙo na wannan zama, na miƙa wa mai bi mini."

Bakanuwa ta zaro ido. "Ke baiwata, wane irin makirci ne wannan? Ni da na zo da bayanai cike da baki?"

"Ƙa'ida ce, 'yar kasuwa. Ke kika koya mini sauran, wannan ce kika ɓoye."

"Ban ɓoye ba, mantawa na yi. Wayyo ni, Zagezagi sun ci ni da rana tsaka."

Aka ɗan yi dariya. Na ga ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta miƙe zaune. Da ta sake magana, muryar ba ta wasa ba ce, ta aji ce. Ta maimaita shawarar da ke gabanmu a taƙaice, ba ta ƙara mata gishiri ba. Sannan ta kira sunan yarinyar, cikakke, har da na mahaifinta, ta ce, "Bismilla, zaure naki ne, babu mai katse ki."

Ta bango nake jin muryarta, ta waya ma ina ji, ɗaya na bin ɗaya. Ta ce ba ta ga laifin mai tsoro ba, ita ma da tsoro take fita kullum. Ta faɗi yadda ake gwada su a kai a kai a wurin aiki, da irin kayan da suke sawa, da yadda take yi in ta dawo gida. Ta ce ba ta nemi shiga gidan kowa ba, ba ta nemi a ci kwano ɗaya da ita ba. Ta ce, "Wuni nake ina Turanci ta cikin takunkumi da mutanen da ba sa iya numfashi. Wasu a hannuna suke cikawa, ban san yarensu ba, ba su san nawa ba. Ni dai a bar ni in zauna ko a gefen tabarma ne, in ji ana Hausa, a yi mini tsiya a ce miyata ba gishiri. Iyakar abin da nake nema ke nan."

Ɗaya daga cikin masu goyon bayan hanin ta shigo ba izini. "Ai duk mun ji, amma in aka kwasa fa? Wa zai..."

"Hajiya, ban kira sunanki ba," in ji Bakanuwa.

"Ikon Allah! Ba ke kika kawo maganar ba?"

"Na kawo ta ina ƙasa. Yanzu ina sama. Ɗaga hannu ki jira kamar kowa."

Ta ɗaga, aka kira ta, ta faɗi nata, kuma maganarta ba ta banza ba ce, tana da jika mai ciwon asma. Wata kuma ta ce mazajensu ma ai fita suke yi aiki, suna cuɗanya da jama'a, babu wanda ake gwadawa kamar yarinyar nan. Kowa ta samu lokacinta. Ban ɗaga hannu ba, ba a kuma kira ni ba.

Aka zo ƙuri'a. Mu biyar ne a ƙasa. Bakanuwa ta ce masu son a tabbatar da hani su ɗaga hannu. Biyu suka ɗaga. Masu son a soke. Biyu suka ɗaga. Saura ni.

"Baiwata, ban ga hannunki ba. Ko wayar ce ta daskare?"

"Ba ta daskare ba."

"To ina kike? Nan ko can?"

Na san hannu ɗaya zai gama komai. Yana kan cinyata, ina kallon sa. Ba zan ɗaga shi a hana ta ba, wannan ko a mafarki. Amma in ɗaga shi a gaban mata in ce ga ni bayan 'yata ta fari, shi ma ya fi ƙarfina. Mai karatu na iya cewa wauta ce, ba zan yi musu ba. Abin da aka gina mutum da shi tun yana ƙarami ba ya rushewa don an shiga jirgi.

Na ce, "Ba ni a ko'ina."

Bakanuwa ta daɗe tana kallona ta cikin wayar. Ita Bakanuwa ce, ta san abin, ba ta sake tambaya ba. Ta ce, "To, an yi kunnen doki. Ya rage ga kujera."

A lokacin ne na gane abin da na yi. Na bar maganar kacokan a bakin mai ita. Na ji jaririn ya motsa a bayana, na shiga jijjiga shi don in sami abin yi.

Ta ce, "Ku ji ni da kyau. Wallahi da ina ƙasa da hannuna na farko a sama, kuma har yanzu tsoron nan yana nan, bai je ko'ina ba. Malam, maigidana, in ya kamu ban san yadda za ta kaya ba. Amma abin da muka saba shi ne kowa ta zo. Masu son a canja ba su rinjaya ba. Ni kuma ba kujerata ba ce, ba ma ta wadda ta ba ni ba ce, aron aro ce. Ba zan fitar da 'yar mutane daga cikin jama'a da ƙuri'ar aro ba. An soke hani. Ta zo da tabarmarta da kwanonta, a bar tazara. Wadda tsoro ya fi ƙarfinta ta zauna a gida, kuma ina jin ni ce ta farko."

Sai ta ce, "Sanata, zo karɓi kayanki, sun ƙona mini hannu."

Na karɓa, na rufe zama da addu'a. Muryata ba ta fita sosai ba, amma sun ce amin.

Daga baya ta sha zargina cewa na lissafa komai, na ɗora ta a kujera don in cire hannunta daga ƙuri'a. Na rantse mata ban lissafa ba, ta ce ko Bazazzagi ya rantse sai an bincika. Har yau ba ta yarda ba, ni kuma na daina musu. Abin da na sani shi ne ta iya yin yadda take so a ranar, babu mai ce mata don me, ba ta yi ba. Ina sa ta a addu'a tare da Malam ɗinta, wanda Allah ya tsare har cutar ta wuce.

Da yamma yarinyar ta buɗe ƙofa, ta tsaya inda ta saba tsayawa.

"Yaya, ba ki ɗaga hannu ba."

"Ba a ɗaga ba."

"Na san ba za ki ɗaga ba." Ta jingina da ƙofa. "Amma na ga kin sauka."

Ta tambaya ko akwai sauran tuwo, na ce akwai, na zuba a kwanonta na ajiye a bakin ƙofa. Ta cinye, ta nemi ƙari.

Juma'ar farko ta faɗo a ranar hutunta. Zafi ya fara sauka, ana iya zama a waje. Ta tashi tun da hantsi ta yi miyar taushe, ta canja kaya har sau nawa, ta sa wa jaririn hula. A lambun kowa ta shimfiɗa tabarmarta nesa da ta wata, kamar masu shanya. Ba kowa ce ta zo ba, mai jika mai asma ba ta zo ba, ta dai aiko da gaisuwa. Yarinyar ta shimfiɗa tata a can ƙarshe. Da farko gaisuwa ce kawai ake ɗaga mata daga nesa, kowa na ɗari-ɗari. Ni ina tawa tabarmar da jaririn, ina kallon wani wuri.

Can sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin lambun, daidai inda take. Aka sauke gilashi rabi. Bakanuwa ce, da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya.

"Kada wadda ta matso! Daga nan zan yi tawa Juma'ar." Ta leƙo. "Ke Nas, me kika dafa?"

"Taushe, Hajiya."

"Taushe? 'Yar Zazzau? Buɗe in gani. Kai, wannan ai fate ne ya yi kwana. Wa ya koya miki, baiwata?"

"Gwaggona ce."

"Allah ya jiƙanta, amma ba ta gama aikinta ba. In cuta ta wuce ki zo in gyara miki hannu."

Yarinyar ta fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji tun kafin kulle. Ta ce sai Hajiya ta ɗanɗana kafin ta yanke hukunci. Ta zuba a ƙaramin kwano, ta je ta ɗora a kan gaban motar, ta ja da baya. Bakanuwa ta yi ta mita, ta fesa wa hannunta magani, ta fesa wa gefen kwanon, ta miƙo hannu ta ɗauka, ta ɗage gilashi. Duk muka zuba ido. Jim kaɗan ta sauke shi.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Sai mata suka ɗauka, wannan ta ce a miƙo mata ta ji, waccan ta ce ita a wajenta daddawa ce ba ta ji ba. Aka fara turo kwanuka zuwa ƙarshen lambun, ana ajiyewa a tsakiya ana komawa, tana zubawa tana kare miyarta da baki. Kafin magariba tukunyar ta ƙare, tana zaune ta miƙe ƙafa, ana ta ba ta labarin wadda ta haihu da wadda ta tashi daga unguwa, tana tambaya, ana amsa mata.